Yadda Yankakkiyar Takarda Ta Koyi Tafiya

 Makalar wannan makon za ta kai mu wajen masu zane, domin akwai abin da ya shafe mu a tarihinsu.

A shekarar 1912, a ƙasar Faransa, Pablo Picasso da Georges Braque suka fara yanko guntayen jarida da takardar adon bango suna liƙawa a jikin zanensu. Faransawa suka kira wannan aiki kolaj, daga kalmarsu ta liƙa abu da gam. Wajen 1919 kuma, a Jamus, Hannah Höch ta riƙa yanka hotunan mujallu, ta ɗora kan babban soja a jikin 'yar rawa, don yi wa manyan ƙasa shaguɓe. Duk waɗannan hotuna a tsaye suke cik, ba sa motsi.

Masu fim ne suka sa musu ƙafa. A 1917 Quirino Cristiani na Ajantina ya yi fim ɗin El Apóstol da yankakken kwali, mai tsawon fiye da awa guda, yana zolayar shugaban ƙasarsu. Gobara ta cinye shi a 1926, yau ko kwafi ɗaya babu.

Wadda aikinta ya tsira ita ce Lotte Reiniger, Bajamushiya. Shekara uku ta yi, daga 1923 zuwa 1926, tana haɗa labarin Yarima Ahmad, wanda ta tsamo daga Dare Dubu da Ɗaya. Takan yanka mutanenta da almakashi daga baƙin kwali da fallen darma, ta haɗa gaɓoɓinsu da siririyar waya yadda gwiwa da wuya za su lanƙwasa. Sai ta shimfiɗa su a kan gilashi, fitila na haskowa daga ƙasa, kyamara na kallo daga sama, mijinta Carl Koch yana ɗauka. A matsa hannun yarima kaɗan, a ɗauki hoto, a sake matsawa, a sake ɗauka. Idan muka tuna cewa a ma'aunin silima na yau daƙiƙa ɗaya tana cin hotuna 24, za mu gane irin haƙurin da fim mai fiye da awa guda ya ci. Asalin fim ɗin ya salwanta a Yaƙin Duniya na Biyu, wani kwafi da aka adana a Landan ne ya cece shi. Shi ne dogon fim ɗin katun mafi tsufa da ya rage a duniya.

Daga 1969 Terry Gilliam ya shigo da dabarar cikin shirin barkwanci na Monty Python a talabijin ɗin BBC, yana yanka tsofaffin hotuna. Ƙatuwar ƙafar da take faɗowa a farkon shirin, daga wani tsohon zanen Bronzino ɗan Italiya ya samo ta.

Sai kwamfuta ta shigo. Photoshop ya fito a 1990, After Effects a 1993. Yanzu mai kolaj zai ɗora takardunsa a sikana, ya raba hoton hawa-hawa, kai daban, hannu daban, bango daban. Ya nuna wa manhaja inda hannu zai taso da inda zai tsaya, ita ta cike tsakani. Shirin South Park na Amurka ya nuna girman canjin. Kashi na farko, wanda aka nuna a 1997, da takarda da almakashi Trey Parker da Matt Stone suka yi shi, ya ci musu kusan wata uku. Da suka koma kwamfuta, sai ga shi suna gama kashi guda cikin kwana shida. Amma fa da gangan suka bar kamannin takardar, har da inuwar da take yi da tafiyar ɗingishin 'yan wasan, domin da ita masu kallo suka san shirin.

To mu ina ruwanmu? Mu ma masu yanka da liƙawa ne. Abubakar Imam ya yanko daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai, ya zuba su a bakin aku cikin Magana Jari Ce, har mai karatu ya ɗauka a ƙasar Hausa aka haife su. Gwanintarsa tana wajen zaɓen abin da zai yanko da sanin inda zai zauna daram. Wannan zaɓe har yau manhaja ba ta ɗauke wa mai kolaj shi ba, abin da ta rage masa wahalar matsa takarda sau dubbai ce. Duk wanda yake son mayar da labarinsa katun a waya, ya fara zama da labarin har ya san wane guntu ne zai motsa, kuma don me.

Abu na biyu shi ne adana. Cristiani ya riga Reiniger da shekara tara, amma nata ake kallo yau saboda an ajiye kwafi a wata ƙasa. Da yawanmu littafi sukutum yana cikin waya ɗaya, ranar da ta faɗa ruwa ko aka sace ta, shi ke nan. Mu ajiye rubutunmu a wuri biyu ko uku, mu kuma riƙe na takarda idan muna da shi.

Allah Ya ƙara mana basira. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.