Ganin Dala Ba Shiga Birni Ba Ne: Waiwaye a Kan Yaƙin Koriya, 1950-1953

Gabatarwa

Na san abin da muka saba gani a wannan mujalla tamu shi ne waƙa da gajeren labari da nazarin karin magana. A wannan karo ina roƙon arziki a ba ni fili in tsoma baki cikin tarihi, tarihin ma na wata ƙasa mai nisa, can gabashin duniya.

Ga abin da ya jawo. Wata rana ina laburare ina shirin jarrabawa, sai na kwafi taswirar Koriya a takarda, na shiga zana inda daga take a kowane mataki na yaƙin da aka yi a can. Layin farko ya raba ƙasar a tsakiya. Na biyu ya gangara can kudu, dab da teku. Na uku ya haura har iyakar ƙasar Sin. Na huɗu ya sake saukowa. Da na zo zana na biyar, sai na ga bakin fensirina yana bin kusan sawun layin farko. Na ajiye fensir na yi tagumi. Shekara uku ana gwabzawa, rayukan da aka kiyasta sun kai miliyan biyu zuwa uku sun salwanta, sannan a koma inda aka faro? Abin da na fahimta daga baya shi ne zan kawo a nan: sau uku wani ɓangare yana ganin saura ƙiris ya gama da abokin gaba, sau uku kuma nisa da ƙarancin guzuri suna jawo shi baya.

Asalin Layin

Tun 1910 Koriya take ƙarƙashin mulkin mallakar Japan. A watan Agustan 1945, da Japan ta kusa faɗuwa, sojojin Rasha suka doso ta arewa, Amurka kuwa ta ji tsoron kada su mamaye ƙasar baki ɗaya. Sai aka sa wasu hafsoshinta biyu, Dean Rusk da Charles Bonesteel, su nemo inda za a raba. Cikin dare ɗaya suka duba taswira suka zaɓi layi na 38, wato ɗaya daga cikin layukan nan da masana labarin ƙasa ke gittawa a taswira don awo. Ba kogi aka bi ba, ba dutse aka bi ba. Layin ya ratsa gonaki da ƙauyuka da hanyar jirgin ƙasa kawai. Mu da Turawa suka shata wa iyaka tsakanin Katsina da Maraɗi, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

A 1948 aka sami gwamnati biyu. Kim Il Sung yana mulkin Arewa a Pyongyang da goyon bayan Rasha, Syngman Rhee yana mulkin Kudu a Seul da goyon bayan Amurka. Kowannensu yana cewa shi ne shugaban Koriya duka.

Daga ta Gangara Kudu

Da asubahin ran 25 ga Yuni, 1950, dakarun Arewa suka ƙetare layi da tankokin yaƙi samfurin T-34 da Rasha ta ba su. Sojan Kudu ba shi da tanki ko ɗaya. Cikin kwana uku Seul ta faɗi. Amurka ta kai ƙara Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, aka kuwa yi sa'a Rasha tana ƙauracewa zaman a lokacin, saboda haka babu mai hawa kujerar naƙi. A ƙarshe ƙasashe 16 ne suka aika da mayaƙa ƙarƙashin tutar Majalisar. Daga Afirka har da Habasha, wadda Sarki Haile Selassie ya tura bataliyar Kagnew a 1951.

Amma kafin taimako ya taru, Arewa ta yi ta kora. Sojojin Amurka na farko da suka tare ta a Osan ran 5 ga Yuli, su ɗari biyar da 'yan kai, cikin yini guda aka tarwatsa su. A farkon watan Agusta, abin da ya rage wa Kudu ɗan lungu ne kewaye da tashar jiragen ruwa ta Pusan, kogin Naktong ya zame mata ganuwa ta yamma.

Duk wanda ya dubi taswira a lokacin zai ce yaƙi ya ƙare. To amma dubi yadda guzuri yake. Sojan Arewa ya yi nisa da gida, harsashinsa da shinkafarsa sai sun biyo hanya mai tsawon ɗaruruwan kilomita, jiragen saman Amurka kuwa suna ragargaza gadoji da rana, dole sai da dare ake ɗaukar kaya, sau da yawa a bayan 'yan dako. Wanda aka matse a lungu kuwa, jiragen ruwa suna sauke masa soja da igwa a bayan ɗakinsa. Arewa ta yi mako shida tana dukan ganuwar Naktong, ƙwararrun mayaƙanta suka ƙare a wurin.

Daga ta Haura Arewa

Hausawa sun ce yaƙi ɗan zamba ne. Ran 15 ga Satumba, Janar Douglas MacArthur ya sauke dakaru daga teku a Inchon, kusa da Seul, can bayan abokan gaba. Wurin yana da wuyar sha'ani, don ruwan teku yakan hau ya sauka da wajen mita tara, in ya janye sai taɓo. Wannan ne ya sa ba a zaci za a biyo ta nan ba. Da aka datse hanyar guzuri, rundunar Arewa ta warwatse, kafin ƙarshen watan aka ƙwato Seul.

A nan ne, a ganina, aka yi babban kuskure. An shiga yaƙin ne don a kori Arewa zuwa bayan layi na 38, ga shi kuwa an kore ta cikin wata uku. Da an tsaya nan, da watakila mafi yawan waɗanda suka mutu sun tsira. Amma kwaɗayi mabuɗin wahala. Aka ce tunda an samu dama, a haɗe ƙasar gaba ɗaya. Firayim Ministan Sin, Zhou Enlai, ya aika da gargaɗi ta hannun jakadan Indiya, K. M. Panikkar, cewa in sojan Amurka ya ƙetare layin, Sin za ta shigo. Aka ɗauka barazana ce. MacArthur da kansa ya shaida wa Shugaba Truman a tsibirin Wake ran 15 ga Oktoba cewa da wuya Sin ta shiga. Ran 19 ga Oktoba aka ci Pyongyang, ran 26 kuma wasu sojojin Kudu suka isa bakin kogin Yalu suna hangen ƙasar Sin a ƙetare.

Ashe tun daren 19 ga watan, mayaƙan Sin ƙarƙashin Peng Dehuai sun soma ƙetaro kogin. Tafiyar dare suke yi a ƙafa, da rana su ɓuya cikin duwatsu da dazuzzuka. Kafin ƙarshen Nuwamba sun kai wajen dubu ɗari uku. Sojojin Majalisa kuwa sun rarrabu a kan 'yan siraran hanyoyi cikin tsaunuka, nesa da tashoshinsu, ga hunturu ya kama. Ran 25 ga Nuwamba Sin ta afka musu cikin dare da busar ƙaho da usur. A tafkin Chosin sanyi ya kai awo 30 ƙasa da sifiri, bindiga ta daskare, yatsu suka ruɓe, ƙanƙara ta kashe mutane a kowane ɓangare. A watan Disamba aka kwashe sojoji sama da dubu ɗari ta tashar Hungnam, tare da fararen hula kusan dubu ɗari. Jirgin dakon kaya guda, Meredith Victory, shi kaɗai ya ɗauki mutum dubu 14.

Sin Ma ta Faɗa Ramin

Mai karatu zai zaci Sin ta ɗauki darasi daga abin da ya sami waɗanda ta kora. Ina! Peng ya nemi a bar sojojinsa su huta kafin su ƙetare layi na 38, Mao Zedong ya ce a ci gaba. Ran 4 ga Janairu, 1951, Seul ta sake faɗuwa. A cikin watan nan Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawo shawarar tsagaita wuta, Sin ta ƙi, don ita ma tana ganin saura ƙiris.

Sai dai ciwon da ya kama na farko da na biyu shi ya kama na uku. Sojan Sin a jikinsa yake ɗaukar guzurinsa, soyayyen gari a 'yar jaka da harsashin da zai iya ɗauka. Abin bai wuce na mako guda ba. Sabon kwamandan Amurka a fagen fama, Janar Matthew Ridgway, ya lura da haka. Sai ya riƙa ja da baya sannu a hankali har guzurin ya ƙare, sannan ya juyo da igwa da jiragen sama. A tsakiyar Maris aka ƙwato Seul. Birni ɗaya ya sauya hannu sau huɗu cikin wata tara. Ran 11 ga Afrilu Truman ya sauke MacArthur, wanda ke neman a faɗaɗa yaƙin zuwa cikin Sin. Bayan babban farmakin da Sin ta kai a Afrilu da Mayu ya ci tura, daga ta tsaya kusa da inda aka faro.

Yaƙin Duwatsu

Aka zauna teburin sulhu a Kaesong ran 10 ga Yuli, 1951, daga baya aka koma Panmunjom. Shekara biyu cur ana ja-in-ja, musamman a kan fursunonin yaƙi: a mayar da kowa ƙasarsa tilas, ko a bar shi ya zaɓa? Duk wannan lokaci ana ta mutuwa a ramuka a kan tuddai. Wani tudu da ake kira Farin Doki, mai tsayin mita 395, ya sauya hannu sau 24 cikin kwana goma a watan Oktoban 1952. Ana zubar da jini ne don a sami abin ciniki a tebur. Sai bayan mutuwar Stalin a watan Maris na 1953 al'amura suka sassauta, aka sa hannu kan tsagaita wuta ran 27 ga Yuli, 1953. Sabuwar iyakar ta ɗan karkace: Arewa ta sami Kaesong ta yamma, Kudu ta sami wasu duwatsu ta gabas. Aka ware fili mai faɗin kilomita 4, tsawon wajen kilomita 250, ya raba su. Har yau ba a ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya ba.

Waɗanda Layin Ya Bi ta Kansu

Akwai abin da fensirina bai nuna mini ba a ranar nan, sai da na ƙara karatu. Duk inda layi ya motsa a takarda, ta kan gidan wani ya bi. Mu ɗauki mutumin Seul. A watan Yunin 1950 rediyon gwamnati yana ce masa ya kwantar da hankalinsa, alhali Shugaba Rhee ya riga ya bar gari. Da asubahin 28 ga watan sojojin Kudu suka tarwatsa gadar kogin Han tana cike da masu gudun hijira, ɗaruruwa suka hallaka, sauran suka maƙale a birni. 'Yan Arewa suka shigo suna farautar ma'aikatan gwamnati, suna ɗibar samari aikin soja. Da 'yan Kudu suka dawo, sai aka shiga tuhumar wanda bai gudu ba da haɗa baki da abokan gaba. In ka tsaya laifi, in ka gudu yunwa da sanyi. Saboda haka da Sin ta doso a watan Janairu, kusan kowa ya kama hanya, wasu a kan kogin da ya daskare. Birnin da ke da mutum wajen miliyan ɗaya da rabi, a watan Maris bai wuce dubu ɗari biyu ba.

Da yawa sun fita da niyyar kwana kaɗan su dawo, suka bar uwa ko mata a gida, layi ya rufe a bayansu. A 1983 gidan talabijin na KBS a Kudu ya buɗe shirin neman dangin da suka ɓace. Aka yi kwana 138 ana yi, iyalai sama da dubu goma suka gana bayan shekara talatin. Waɗannan ma waɗanda ke cikin Kudu ne kaɗai. Wanda nasa ke Arewa sai haƙuri.

Kammalawa

Jama'a, Kim Il Sung ya hango Pusan, MacArthur ya hango Yalu, Mao ya hango teku. Kowannensu ya ga Dala, babu wanda ya shiga birni. Ba su rasa jarumai ba, ba su kuma rasa dabara ba. Abin da suka rasa shi ne mai cewa "ya isa haka" a ranar da suke da rinjaye, ranar da tsayawa ke da araha. A cikinmu masu karanta wannan mujalla akwai waɗanda gobe za su riƙe alƙalami a ofis, wasu ma su sa kaki. In wata rana aka shimfiɗa muku taswira aka ce abu kaɗan ya rage, ku tambaya daga ina guzuri zai fito, ku kuma tambaya gidan wa layin zai bi. Takardar nan da na zana tana nan cikin littafina har yanzu, duk mai son gani ya same ni bayan taron ƙungiya. Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Wassalam.