Lambar Ɗan Ƙasa da Hidimomin Gwamnati ta Intanet: Bayani ga Jama'ar Hajj Abdalla

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Abin da ake nufi da hidimomin gwamnati ta intanet shi ne mutum ya nemi fasfo ko biza, ko ya biya kuɗin hukuma, ta waya ko kwamfuta. Mabuɗinsu duka guda ne: lambar shaidar ɗan ƙasa.

Kakanninmu sun iso Sudan a ƙafa ta hanyar hajji, wasu kuma a hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya zauna kusa da Sinnar. Da aka buɗe noman Jazira a 1925, da yawa suka kama aikin auduga. A wancan zamani shaidar mutum ita ce sarkinsa da limaminsa. Yau kuwa na'ura ba ta san kowa ba sai mai lamba.

A Sudan ana kiranta rakamul waɗani. Ofishin sijillil madani ke bayar da ita bisa dokar 2011, kuma ba a samun fasfo sai da ita. A Nijeriya sunanta NIN, mai alƙaluma 11, daga hukumar NIMC, ita ma sharaɗi ce ta fasfo. Wanda ya samu fasfo ne zai nemi bizar umra, ya kuma shiga manhajar Nusuk ta Ma'aikatar Hajji da Umra ta Saudiyya don izinin ziyarar Rauda.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya nuna mana nauyin lamarin. Bayan faɗuwar Wad Madani a Disamba 2023 jama'a suka watse zuwa Gadarif, Kasala da ƙasashen maƙwabta, wasu ba ko takarda ɗaya a hannu. Buga fasfo ya koma Port Sudan. A Fabrairu 2024 sadarwa ta yanke, har masu karɓar taimakon 'yan'uwa ta Bankak, manhajar Bankin Khartum, suka rasa na cefane.

Saboda haka muna nasiha da abubuwa huɗu. A yi wa yara rajista tun suna ƙanana, mata ma kada a bar su baya. A ɗauki hoton kowace takarda a aika wa amintaccen ɗan'uwa da ke wata ƙasa. A daidaita rubutun suna da larabci da boko, domin Usman a nan, Osman a can, na iya tsayar da tafiya. Kada a ba dillali lambar sirri.

Kuma mu sani, ƙarya a fom ƙarya ce a Shari'a, ko da na'ura aka yi wa. Wanda ya iya cike wa tsoho ko maraya, amana ce ya ɗauka, kuma yana da lada.

Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Wallahu a'alam.