Mata-Maza: Daga Zauren Malam Zuwa Ɗakin Tiyata

Duk ɗalibin da ya durƙusa gaban malami a zaure har ya sauke Muhtasar, watau littafin fiƙihun Malikiyya na Shehu Halilu ɗan Ishaƙa, malamin Masar na ƙarni na 14, ya san mas'alar da marubucin ya ajiye alƙalaminsa a kanta. Ita ce ta gadon hunsa, wanda mu Hausawa muke kira mata-maza. Abin mamaki a nan shi ne, littafin da alƙalanmu na Kano da Sakkwato da Zazzau suka daɗe suna hukunci da shi ya ambaci wannan bawan Allah a fili, har ya yanka masa rabo, amma mu in an haife shi a gidajenmu sai mu ja ƙyaure mu yi ƙasa da murya, kamar an yi wani abin kunya.

Mas'alar kuwa ta girmi Musulunci. Ibn Hisham ya kawo a cikin Sirarsa labarin Amiru ɗan Zarib, na ƙabilar Adwan, wanda Larabawan jahiliyya ke kai wa shari'unsu. Wata rana aka zo masa da batun wani magaji mai siffar maza da ta mata, aka tambaye shi rabon wa za a ba shi. Tsohon alƙalin ya nemi a ba shi lokaci, ya kwana yana juyi a shimfiɗa. Kuyangarsa Suhaila, mai kiwon tumakinsa, wadda kullum yake yi wa faɗa kan makara wajen kiwo, ita ce ta ga halin da yake ciki, ta ce masa ya bi mafitar fitsari. Gari na wayewa ya yanke hukunci da shawararta.

Malaman fiƙihu sun karɓi wannan alama, sa'an nan suka ƙara a kanta. In fitsari na fita ta wuri biyu, sai a duba wanda ya riga, ko wanda ya fi yawa. In abin bai warware ba, sai a jira balaga, a ga ko gemu zai tsiro, ko ƙirji zai taso, ko haila za ta zo. Wannan jira shi ne abin da ya fi burge mu a cikin lamarin duka, domin kuwa yana nufin malamai sun yarda yaro ya shekara goma sha wani abu ba a tilasta masa wani ɓangare ba. Akwai dai waɗanda suka zo da ƙidayar haƙarƙari, bisa zaton na namiji ya gaza na mace da ɗaya, alhali kowannensu 12 gare shi a dama, 12 a hagu.

Wanda alamu suka ƙi bayyana shi, shi ne hunsa mushkili, kuma Malikiyya suka ba shi rabin kason namiji da rabin na mace. Alal misali, mutum ya rasu ya bar ɗa namiji guda da mata-maza guda. Da namiji ne, da rabin dukiya zai ɗauka. Da mace ce, da sulusi. Sai a raba dukiyar kashi 12, a ba shi 5, ɗan'uwansa ya ɗauki 7. A sallah ma an ware masa sahu tsakanin na maza da na mata. Ba za mu ce rayuwa ta yi masa daɗi ba, tun da mazhabar ta hana shi aure muddin yana cikin wannan hali. Amma dai shari'a ta san da zamansa, ba ta kuma ɗora masa laifi ba.

A Turai ta ƙarni na 19 hukuncin ya koma hannun likita, wanda ya ɗauka cewa kowane mutum yana da jinsi guda na haƙiƙa a ɓoye, aikinsa ne ya tono shi. An haifi Herculine Barbin a Faransa cikin 1838, aka rene ta a matsayin mace, ta yi karatu har ta zama malamar makarantar 'yan mata. Cikin 1860, bayan binciken likita, kotu ta zartar cewa namiji ne, aka sauya masa suna zuwa Abel. Aikin koyarwa ya tafi, surutun gari ya yi yawa, ya koma Paris ya yi aiki a kamfanin jirgin ƙasa na ɗan lokaci, daga bisani talauci ya rufe shi. Cikin 1868 aka tsinci gawarsa a wani ɗan ɗakin haya, ya kashe kansa, ya bar tarihin rayuwarsa a rubuce. Babu wanda ya tambaye shi yadda mutumin da ya shekara ashirin yana mace zai wayi gari ya iya zaman maza.

Daga 1955 sai gaggawa ta zama ƙa'ida. John Money da abokan aikinsa a asibitin Johns Hopkins na Amurka suka koyar da cewa tarbiyya ce ke ƙera jinsi, saboda haka a zaɓa wa jariri ɓangare kafin ya wuce wata 18, a yi masa tiyata ya dace da zaɓin. Sau da yawa akan ɓoye wa yaron gaskiya har ya girma. Amma cikin 1974 likita Julianne Imperato-McGinley ta ba da rahoton wasu yara a wani ƙauye na Jamhuriyar Dominikan, waɗanda ake haifa da kamannin mata, a rene su mata, sai wajen shekara 12 murya ta buɗe, jiki ya koma na namiji, yawancinsu kuma suka ci gaba da rayuwa a matsayin maza. Da wuƙar likita ta riga balagarsu, da an yi ɓarnar da ba ta gyaruwa. Waɗanda aka yi wa irin wannan tiyata suna jarirai su ne suka kafa ƙungiya a Amurka cikin 1993, suna kukan tabo da ciwo da ƙaryar da aka yi musu. Malta ce ƙasa ta farko da ta hana yin ta ba da yardar mai jikin ba, cikin 2015, Kenya kuwa ta sa su a ƙidayar jama'arta ta 2019, aka sami mutum 1,524.

Mu a nan har yanzu camfi ne ya fi yawa. Wasu na haɗa mata-maza da ɗan daudu, alhali daudanci ɗabi'a ce da sana'a, wannan kuwa halitta ce tun daga ciki. Wasu na cewa aikin iska ne, ko alhakin iyaye, ko kuma wai yana iya yi wa mace ciki shi ma ya ɗauka. Gaskiyar ita ce, a makonnin farko na ciki siffar ɗan tayi ɗaya ce, daga tushe guda gaban namiji da na mace ke fitowa, sinadaran jiki ne ke karkatar da shi, wani lokaci kuma ya tsaya a tsakani. Akwai ma wadda ba a gane komai a jikinta sai ta isa aure haila ba ta zo ba, a duba a ga ba ta da mahaifa.

Abin da ke matsa wa iyaye a wurinmu shi ne kwana bakwai ɗin suna, domin ba a yanka rago sai an san Audu ne ko Binta. Akwai kuwa nau'i guda da ya fi suna bukatar hanzari. Wasu 'yan gaɓɓai biyu da ke zaune bisa ƙoda sukan fitar da sinadarin maza fiye da kima, har gaban 'ya mace ya yi kama da na namiji, kuma a yawancin irin waɗannan jarirai jiki ba ya iya riƙe gishiri. Magani yana tsare ransu in an gane da wuri. In ba a gane ba, amai da ƙin nono da rama sukan fara ne a mako na biyu ko na uku, daidai lokacin da 'yan suna suka watse.