Yadda ake mayar da busassun itatuwan hamadar Sonora kayan ƙawata bango

Hamadar Sonora, wadda ta ratsa jihar Arizona ta Amurka da arewa maso yammacin Meziko, ta yi suna da itatuwan da masu sana'ar hannu ke sarrafawa su zama adon bango.

Daga cikinsu akwai cholla, wani tsiro mai ƙaya. Idan ya mutu naman jikinsa ya ruɓe, sai ya bar busasshen kara mai rami a ciki, jikinsa duk huji kamar raga. Akan wanke shi, a shanya, a goge, sannan a jera a kan allo a rataye.

Mafi daraja shi ne wanda ake kira itacen ƙarfe, mai nauyin da har yakan nutse a ruwa. 'Yan ƙabilar Seri na Meziko ne suka fara sassaƙa shi don sayarwa a shekarun 1960, kafin masu injuna su shigo su cika kasuwa.

Sai dai bishiyar na jinkirin girma, kuma a inuwarta ƙananan tsirrai ke samun mafaka daga zafin rana. Yawan sara, domin sassaƙa da gawayi, ya sa Meziko ta ba ta kariyar doka a 1994. A 2000 kuma Amurka ta keɓe mata gandu a Arizona.

Ko mataccen icce ma haramun ne a ɗauka a wasu gandayen ƙasa na Amurka, domin ƙwari da ƙadangaru na fakewa a cikinsa.