Amsoshin Wasiƙunku: Tarihin Bikin Kamun Kifi Na Argungu

A wannan mako mun ɗauko wasiƙar wani manomi ne daga ƙasar Gaya ta Jamhuriyar Nijar, wanda ya ce in rani ya yi yakan taɓa fataucin busasshen kifi. Bayan gaisuwa, yana tambaya wai shin yaushe aka fara bikin kamun kifi na Argungu, kuma me ya sa ba a yin sa sai sanyi ya wuce, bazara ta kawo kai? To Malam, mun gode. Sai ka gyara zama, don amsar tana da ɗan tsawo.

Da farko dai, Argungu gari ne na Kabawa a bakin Gulbin Kabi, kimanin kilomita 100 daga Sakkwato. Yana cikin Jihar Kabi, wadda aka cire daga Jihar Sakkwato a 1991. Kabawa mutanen ruwa ne tun fil azal, ga noman shinkafa a fadama, ga su. Muhammadu Kanta ne ya kafa daularsu a ƙarni na 16, bayan ya yi wa Askiya na Songai tawaye, ya gina birninsa a Surame. Daga baya sarauta ta koma Birnin Kabi.

Da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tashi a 1804, Birnin Kabi ya faɗi a 1805. Amma ba duk Kabawa suka miƙa wuya ba. Waɗanda suka ƙi sun tattaru a Argungu, aka yi ta gwabzawa. An kashe Sarki Karari a 1831, ɗansa Yakubu Nabame kuma ya sake ɗaga tuta a 1849. An ɗan sami sararawa a zamanin Abdullahi Toga, abin da ake kira Lafiyar Toga, sa'an nan yaƙi ya dawo, bai tsaya ba sai da Turawa suka ci Sakkwato a 1903. Ka ga kusan shekara ɗari ke nan manomi na tafiya gona da kwari da baka, falke kuma ba ya bin hanya sai cikin ayari.

Yaƙi ya ƙare, amma zukata ba su huce nan da nan ba. Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, abin da wani Sarkin Musulmi bai taɓa yi ba ta fuskar zumunci. Sarkin Kabi Muhammadu Sama da mutanensa suka ga ba abin da ya fi dacewa su nuna wa babban baƙo irin sana'ar kakanninsu, sai aka shirya gagarumin su a gabansa. Daga nan ne ake ƙidayar bikin. Wato Malam, sulhu ne ya haife shi, kuma Bahaushe ya ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Sai dai fa kada ka ɗauka a 1934 Kabawa suka fara taruwa a bakin ruwa. Tun kafin haka suna da al'adu huɗu da ke tafiya da shekara: gyaran ruwa, da fashin ruwa, da gyaran gari, da shan kabewa. Biyun ƙarshe sun shafi lafiyar gari da amfanin gona. Gyaran ruwa kuwa shi ne neman tsari daga kada da sauran abin da ke cikin gulbi kafin mutane su shiga. A da da yanke-yanke ake yi, da Musulunci ya kafu addu'a ta shigo ciki. Fashin ruwa shi ne ranar da ake buɗe ruwa, a ba kowa izinin su. In akwai ranar buɗewa, ka san akwai watannin rufewa. Nan ne ƙashin bayan maganar yake.

Wannan shi ya kawo mu ga tambayarka ta biyu. Da damina gulbi yakan cika ya malala cikin fadama, kifi ya bi ruwa ya yi ƙwai, 'ya'ya su girma cikin ciyawa. In kaka ta wuce ruwa ya soma janyewa, sai kifi ya koma ya taru a gurabe masu zurfi. A tsakiyar hunturu ruwa ya yi sanyin da mutum ba zai jima a ciki ba. Amma zuwa Fabrairu da Maris sanyi ya sake, ruwa ya ragu, hatsi na rumbu, shuka kuma da sauran lokaci. Manomi na da sukuni, ɗan kasuwa na da mai saye. Ba wani ne ya zaɓi lokacin don son ransa ba, gulbi da gona ne suka zaɓa.

A wajen da ake kira Matan Fada ake babban sun, kuma an hana jefa koma a nan duk shekara. Sarkin Ruwa ke kula da gulbi, Homa kuma shi ne shugaban masunta. Ranar ƙarshe dubban mutane kan jeru a bakin gaɓa, kowa da homarsa da babban goran da yake hawa ya yi iyo. Da an buga bindiga sai su afka gaba ɗaya, makaɗa na zuga su daga cikin kwale-kwale. Cikin kamar sa'a guda an gama, a kai manyan kifaye sikeli, yawanci giwan ruwa. Kafin wannan rana akan yi kabanci, wato wasannin ruwa irin su tseren kwale-kwale, da kamun agwagwar ruwa, da kamun kifi da hannu. A tudu kuma ga kokawa da dambe da nunin amfanin gona. Mai dabino, mai goro, mai tabarma, mai tuwo, kowa sai ya koma gida da abin da ya samu.

Sannu a hankali suna ya fita. A 1970 Janar Yakubu Gowon ya halarta tare da shugabanku na lokacin, Diori Hamani. A 2005 kifin da ya ci gasa kilo 75 ne. A 2016 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa bikin cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Amma ba kullum ake kwana a gado ba. An gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, ta Goronyo kuma a 1984, dukkansu a saman Argungu. Sun taimaki noman rani a can, sai dai malalar da ke cika fadamun ƙasa ta ragu, ita ce kuwa kifi ke hayayyafa a ciki. A 2006 ruwa ya yi ƙarancin da aka hana shiga su. A 2008 wanda aka ba kyautar farko an gano mataccen kifi ya shigo da shi daga wani waje, aka karɓe kyautar. Bayan na 2009 kuma aka yi shekara goma ba a yi bikin ba, ga rashin tsaro, ga ƙarancin ruwa. Sai a Maris na 2020 aka dawo da shi, Shugaba Muhammadu Buhari ya halarta, aka fito da kifi mai kilo 78.

To Malam, ka lura da wannan, kai da duk mai cin abinci daga ruwa. Kifi mai kilo 78 ba a damina ɗaya ya girma ba, barin sa aka yi. Inda ake zuba guba irin gamalin a tafki, ko a tace ruwa da gidan sauro har da 'ya'yan kifi, bana za a ci riba, baɗi kuwa falke zai zo da kwandonsa ya koma da shi wayam. Kabawan da ba su da ma'aikatar gwamnati, amma sun san ranar rufe ruwa da ranar buɗe shi, kuma ana jin maganar Sarkin Ruwa. In garinku na da tafki ko gurbi, wannan doka ba ta buƙatar ko kwabo, sai dai haɗin kan dattawa da masunta.

In Allah Ya kai ka Argungu, ka leƙa gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar sarki ce da aka mai da gidan tarihi a 1958, za ka ga makaman wancan yaƙi a ajiye. Da fatan ka gamsu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, ku huta lafiya.