Gardin Na'ura: Nazari a Kan Rubuta Umarni ga Mataimakin Malami na Ƙirƙirarriyar Basira a Makarantun Ƙasar Gumel

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda ya kamata a rubuta umarnin da ake ɗora wa manhajar ƙirƙirarriyar basira idan za ta taya ɗaliban sakandare karatu a ƙasar Gumel. An bi hanyar nazarin rubutattun bayanai. An auna sakamakon gwaje-gwaje biyu, na Turkiyya da na Jihar Edo, da yanayin karatu a ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, aka kuma ɗauki matsayin gardi a tsangaya a matsayin madubi. Maƙalar ta nuna cewa ƙashin bayan umarnin shi ne fayyace abin da na'ura za ta riƙe ba ta faɗa ba, da tsawon lokacin da za ta riƙe shi, da gaɓar da za ta mayar da ɗalibi ga malaminsa.

1.0 Gabatarwa

Tun daga 30 ga Nuwamba 2022 da aka fito da ChatGPT, ɗalibin da ya samu babbar waya da ɗan data yana iya tura aikin gida ya karɓi amsa kafin shayi ya huce. Malamai sun fi tattauna ko a hana ko a bari. Wannan maƙala ta karkata ga wata tambaya da ba a cika yi ba: idan makaranta ta yarda a yi amfani da na'urar, wa zai gaya mata yadda za ta yi da yaro, kuma me zai ce mata?

Irin waɗannan manhajoji suna karɓar wani rubutu na musamman da ake sakawa kafin ɗalibi ya fara magana, ɗalibin ba ya ganinsa, amma shi ke juya akalar hirar. A nan an kira shi umarnin tushe. Da harshen yau da kullum ake rubuta shi, don haka malamin aji yana iya rubuta shi da hannunsa ba tare da ya san ilimin tsara manhaja ba.

2.0 Farfajiyar Bincike

Masarautar Gumel, wadda ake yi wa laƙabi da Lautai, ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu a arewacin Jihar Jigawa, jihar da aka ciro daga Kano a 1991. Hausa ce harshen kasuwa da filin wasa, amma akwai gidajen Fulani da na Mangawa da yaro ke tasowa da wani harshen. Maigatari tana bakin iyakar Nijar, kasuwar dabbobinta ta ranar Alhamis tana tara mutane daga ɓangarorin biyu. Ana noman gero da riɗi da zoɓo a yankin. A garin Gumel kuma akwai Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa, inda ake horar da malamai, abin da ya sa yankin ya dace da wannan nazari.

3.0 Waiwaye a Kan Ayyukan da Suka Gabata

Wood da Bruner da Ross (1976) sun kwatanta taimakon malami da katakon da magini ke takawa, wanda ake cirewa da zarar gini ya tsaya da ƙafarsa. Bloom (1984) ya nuna fifikon koyar da ɗalibi shi kaɗai a kan koyar da aji guda, ya kuma bar tambayar yadda za a samar wa kowa wannan gata. Masu tallar ƙirƙirarriyar basira suna yawan jingina da Bloom, sai dai gwajin da ya fi shafar batunmu shi ne na Bastani da abokan aikinta (2024).

Sun yi aiki da ɗalibai kusan 1,000 a wata babbar sakandare a Turkiyya, a darasin lissafi. Rukuni ɗaya ya samu GPT-4 kusan yadda yake a kasuwa. Rukuni na biyu ya samu injin nan dai, amma da umarnin da ya hana shi faɗin amsa, aka kuma saka masa sahihiyar warwarar kowace tambaya da kurakuran da ɗalibai suka saba yi, kamar yadda malamai suka tsara. Rukuni na uku bai samu na'ura ba. A lokacin atisaye, makin rukunin farko ya ɗara na marasa na'ura da kashi 48 cikin 100, na rukuni na biyu da kashi 127. Da aka ɗauke na'ura aka yi jarrabawa, rukunin farko ya gaza marasa na'ura da kashi 17. Rukuni na biyu ya tsira daga wannan faɗuwa, ko da yake bai yi wa marasa na'ura wani fintinkau ba. Inji ɗaya ne, rubutun da aka ɗora masa ne ya bambanta.

A gida Nijeriya, De Simone da abokan aikinsa na Bankin Duniya sun ba da rahoton wani gwaji na makonni shida da aka yi a Birnin Benin na Jihar Edo a tsakiyar 2024, inda ɗaliban ajin farko na babbar sakandare suka yi darasin Ingilishi bayan tashi daga makaranta da Microsoft Copilot. Masu binciken sun kwatanta ci gaban da aka samu da karatun shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. A ganin wannan maƙala a yi hattara da wannan kwatanci, domin yaran sun samu ƙarin awanni na karatu, a ɗakin kwamfuta, malami na tsaye a kansu. Ba haka yaron Sule Tankarkar zai gamu da na'urar ba.

4.0 Gardi a Matsayin Madubi

Tsangaya ta daɗe da sanin mataimakin malami. Gardi yana biya wa ƙolo da titibiri karatu, yana rubuta musu allo, yana sauraren tilawarsu. Abin lura shi ne iyakarsa. Ba shi ke zaɓar inda karatu zai dosa ba, ba a wanke allo don yaro ya ƙosa sai karatun ya zauna, kuma in aka zo gaɓar da ta fi ƙarfinsa, wurin malam ake komawa. Na'ura a yadda take fitowa daga kamfani ta saɓa wa dukkan ukun: duk inda aka ja ta tana bi, an horar da ita ta faranta wa mai tambaya, kuma sau da yawa takan ƙaga amsa cikin gadara maimakon ta ce ba ta sani ba. Aikin umarnin tushe shi ne mayar da ita gardi. Kwatancin yana da gurgunta guda: gardi ya haddace abin da yake biyawa, na'ura kuwa kintace take yi. Shi ya sa dole malami ya rubuta mata amsar da kansa, kamar yadda aka yi a Turkiyya.

4.1 Tsadar Riƙe Amsa

Khanmigo, wanda Khan Academy ta fitar a 2023, da makamantansa an gina su ne a kan jan ɗalibi da tambaya bayan tambaya har ya gano amsa da kansa. Salon yana ɗauka cewa hira ba ta da tsada. A ƙauyen Gagarawa kuwa mai yiwuwa wayar ta yaya ce, an are ta bayan sallar isha'i, an biya kuɗin caji a shago, data kuma ta kwana ɗaya ce. Yaron da aka yi wa tambaya takwas bai ga haske ba zai rufe manhajar makaranta ya buɗe wadda za ta ba shi amsa nan take, sai a koma gidan jiya, wato halin rukunin farko na Turkiyya.

Don haka maƙalar ta ba da shawarar a ƙayyade riƙon. Na'ura ta ba da haske sau biyu. In yaro bai gane ba, ta warware masa wata tambaya mai kama da tasa daga farko har ƙarshe, ta mayar da shi ga tasa. In ya sake cijewa, ta rubuta masa a jimla ɗaya inda ya maƙale don ya kai wa malami da safe. Ga samfurin umarnin da aka tsara don wannan nazari:

"Kai mataimakin malamin lissafi ne na aji biyu na ƙaramar sakandare. Darasin wannan mako riba da faɗuwa ne, kada ka wuce shi. In an yi maka sallama ka amsa. Ka tambaya ɗalibi ne ko ɗaliba, amma kada ka nemi suna ko unguwa ko hoto. Kada saƙonka ya wuce jimla huɗu. Tambayar yau: an sayi akuya naira 40,000 a kasuwar Maigatari, an sayar 46,000, ribar kashi nawa ce cikin ɗari? Amsa 15. Kada ka faɗe ta. Yara sukan raba ribar da kuɗin sayarwa su samu 13 da ɗoriya. In ka ga haka, ka tambaya: da wane kuɗi mai akuya ya shiga kasuwa? Bayan haske biyu, ka warware wannan: tiyar riɗi da aka saya 2,000 aka sayar 2,500."

A ce ɗaliba ta rubuto, "Malam na samu 13." Amsar da ake so ita ce kamar haka: "Madalla, kin fitar da ribar daidai, 6,000 ce. To da wane kuɗi mai akuya ya shiga kasuwa, 40,000 ko 46,000? Da shi za ki auna ribar." Jimla uku, an yaba abin da ta yi daidai, an nuna gurbin kuskure, amsar kuma tana nan a hannunta.

4.2 Harshe

Tambayar "ɗalibi ne ko ɗaliba" tana da dalili na nahawu. Ingilishi ba ya bambanta jinsin wanda ake yi wa magana, Hausa kuwa sai an zaɓi "ka" ko "ki", alhali "na samu" ko "ban gane ba" ba su nuna jinsin mai magana. Umarnin da aka fassaro daga Ingilishi ba zai tuna da wannan ba, sai na'ura ta riƙa ce wa yarinya "ka gane?".

Manufar harshe ta ƙasa ta sauya sau biyu cikin shekara uku: a Nuwamba 2022 gwamnatin tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a shekaru shida na firamare, a Nuwamba 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke hakan. Duk yadda manufa ta juya, takardun lissafi na WAEC da NECO da Ingilishi suke zuwa, tunanin yaron kuma da Hausa yake gudana. Abin da ya dace shi ne bayani da Hausa, kalmomin fannu da Ingilishin da zai gani a takardar jarrabawa, a kuma umarci na'ura ta karɓi rubutun waya marar ƙugiya, "kasa" a maimakon "ƙasa", ba tare da gyaran da ba a nema ba, sai in darasin Hausa ake yi.

Bakin iyaka yana da nasa tarkon. Yaron da ya taso a kasuwar Maigatari ya san cewa a lissafin sefa "dala" tana nufin faran biyar, "jika" kuma dala 200, wato sefa 1,000, alhali a tsohon lissafin naira "jaka" naira 200 ce. Na'ura da ta ji "dala" Amurka za ta nufa. Layi biyu a cikin umarni sun isa su toshe wannan, amma sai wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar ne zai san ya rubuta su. 

4.3 Inda Za a Koma ga Malam

Umarni ya ambaci wuraren tsayawa da sunansu. Fatawa da rabon gado na malamai ne, ko da yaro ya kawo su da rigar lissafi. Kada na'ura ta rubuta aya daga ka: tana iya kuskure, kuma ruwayar Hafsu ce ta mamaye intanet, alhali tsangayoyinmu da Warshu suka saba, sai yaro ya zaci malaminsa ne ya ɓata. In ɗalibi ya ambaci duka ko cin zarafi ko rashin lafiya, ta amsa da tausasawa ta nuna masa babban da zai gaya wa. Jagorar UNESCO ta Satumba 2023 ta ba da shawarar shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun amfani da irin waɗannan manhajoji, Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 kuma ta tanadi neman izinin iyaye kafin sarrafa bayanan yara. Inda wayar aro ce, hana na'ura neman suna da hoto yana kare yarinyar da ta ara daga idon mai wayar ma.

5.0 Matakin Gwaji

Umarni ba kulle ba ne. Na'ura takan saki amsa in yaro ya nace, ko ya ce malam ne ya aiko shi, don haka kowane umarni sai an gwada shi kafin ya isa aji. Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gumel suna rubuta tsarin darasi kafin su fita koyon aikin koyarwa, kuma ana iya haɗa musu da wannan: kowa ya rubuta umarnin tushe na darasinsa, abokinsa ya zauna a matsayin yaro mai wayo ya yi ta ƙoƙarin tatsar amsa, da Hausa, da Ingilishi, da gaurayensu, a rubuta inda ta ɓalle a gyara.

Bayan nan sai gwajin aji a makaranta ɗaya ta cikin garin Gumel da ɗaya ta karkara, a kwatanta umarni mai ƙayyadadden riƙo da mai tambaya ba iyaka. Abubuwa uku za a ƙirga: saƙo nawa aka yi kafin yaro ya warware tambaya, yara nawa suka bar hirar a tsakiya, da makin da suka ci bayan mako biyu a jarrabawar takarda da biro, wayoyi na kan teburin malam.