Ƙetaren Wane Teku?

A hutun damina na je Mayahi wajen kakata, da littafi da wayar da nake ɗaukar murya, da niyyar tattara kalmomin Faransanci da suka shige bakin tsofaffi. Aikin makaranta ne, kun san irinsa. Kwana biyu na farko ban samu komai ba sai waɗanda kowa ya sani: lanho, kumandan, gardi, lakwal, jandarma. Ran na uku muna gyaran zogale sai ta ce ubanta ya taɓa kwana a gidan kaso saboda lesefase. Na ce mene ne kuma lesefase?

"Ke kishiya, duk bokon nan naki ba ki san lesefase ba? Takarda ce. In babu ta ba ka hita ƙasar kumandan, ko da uwarka ce ta mutu can gaba."

Na rubuta na ajiye. Da na koma Yamai sai na iske wani abokin karatunmu yana ta faman neman zuwa taron masana harshe a tsibirin Reyiniyo, can cikin tekun Indiya. Tsibirin yankin Faransa ne, kuɗinsa yuro, yana da wakilai a majalisar Paris. Amma bizar Shengen, wadda ke shigar da mutum Paris da Berlin da Madrid, ba ta shigar da shi Reyiniyo. Sai an nemi wata daban, an rubuta sunan wurin a kanta. Haka Giyan, haka Martinik, haka Mayot. Faransa ce, amma ƙofarta daban. Ga shi kuma ofishin jakadancin Faransa a Yamai rufe yake tun Janairun 2024, wato kafin ma a kai ga maganar tsibiri sai ya ɗauki jaka ya tafi wata ƙasa ya ajiye takardunsa.

Waɗannan yankuna Faransawa na ce musu outre-mer, wato ƙetaren teku. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne, da yawanmu mun manta cewa mu ma sunanmu ke nan a takarda daga 1946 zuwa 1958. Tasawa da Mayahi, inda ruwa mafi girma shi ne tabki da Gulbin Kaba in an yi damina mai kyau, ƙetaren teku ne. A darasin nahawu ana koya mana kalmomin da ma'anarsu ta rataya ga inda mai magana yake tsaye: nan, can, gaba, baya. Ƙetare ma danginsu ce. Wanda ya raɗa mana sunan a Paris yake tsaye.

Amma bari in koma baya, don lesefase ta girmi wannan suna.

Kafin Nasara, mutumin Tasawa da ke son zuwa Katsina ko Kano ba takarda yake nema ba. Ayari yake nema, da madugun da ya san hanya, da kuɗin fito da zai biya sarakunan da zai ratsa ƙasarsu. Kada wani ya ce lokacin hanya a buɗe take kamar tsakar gida, ba haka ba ne. Tun bayan jihadi, da sarakunan Katsina na Haɓe suka yo arewa, gaba ce tsakanin Maraɗi da Tasawa da Tsibiri a hannu ɗaya da Katsinar Fulani a ɗaya hannun, ga hari, ga kamun bayi. Akwai iyaka, amma iyakar daji ce da tsoro, tana matsawa gwargwadon ƙarfin dawaki.

Iyakar alƙalami ta fara ne a 1890, da Ingila da Faransa suka ja layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin tabkin Cadi, ba tare da ɗayansu ya san abin da ke tsakani ba. A 1898 suka sake zama. Wannan karon suka kafa tsinin abin zana da'ira a kan Sakkwato, suka zagaya mil 100, daga nan layin ya bi gabas, ya karyo kudu, ya sake miƙewa. Sakamakon abin dariya ne in ka san ƙasar: Ƙonni da Maraɗi da Tsibiri suka faɗa rabon Ingila, Tasawa ta faɗa rabon Faransa. Shekara guda bayan haka, a Yulin 1899, rundunar Voulet da Chanoine ta iso ƙasarmu tana ƙone garuruwa. A Ɗankori suka harbe Kanar Klobb da aka aiko ya tsayar da su, kwana biyu zuwa uku bayan nan sojojinsu suka kashe su su ma. Kaburburansu na nan Maijirgi, duk wanda ya bi hanyar Damagaram zai iya tsayawa ya gani. Ba su nuna wa kowa takarda ba ranar da suka shigo.

To, Faransawa suka ga rabonsu bai yi musu ba. Hanyar da ta rage musu daga Kwara zuwa Damagaram ta bi ta arewa inda rijiyoyi suka yi ƙaranci, dabbobinsu na mutuwa. Sai suka koma teburi. A yarjejeniyar 8 ga Afrilu 1904 aka turo layin kudu, har aka rubuta cewa mutanen ƙasashen Tasawa da Maraɗi da Damagaram a bar wa Faransa su gwargwadon iko. Me Faransa ta bayar? Nan ne na ajiye littafi na yi dariyar da ba ta daɗi ba. Ta sarayar da wani tsohon haƙƙi da masuntanta ke da shi na sauka su shanya kifi a gaɓar tsibirin Niyufanlan, wanda suke kira Terre-Neuve, can kusa da Kanada. Takarda ɗaya ce ta ɗauki maganar kifin da maganarmu. Wato dalilin da ya sa ƴar Maraɗi ke cewa lakwal, ƴar Jibiya ke cewa firamare, akwai hannun kifin da kakanninmu ba su taɓa jin sunansa ba. Kusa da wannan gaɓa har yau akwai ƴan tsibirai, San Piyer da Mikelon, da Faransa ke riƙe da su, su ma ƙetaren teku, su ma da dokar shigarsu.

Daga 1906 zuwa 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasa suna kafa alamomi 148 daga Kwara zuwa Cadi. Tun daga nan tsofaffi suka samu sababbin sunaye biyu, ƙasar Faransi da ƙasar Ingilishi. Har gobe kakata in za ta ce Najeriya, Ingilishi take cewa.

Sai dai abin da ya fi damun talaka ba wannan babban layin ba ne, ƙananan da ke cikin gida ne. An yanka ƙasa gunduma-gunduma, kowace da kumandanta. Tasawa ce mazaunin kumandan na wannan yanki kafin a mai da shi Maraɗi a 1927. Akwai kuma dokar da suke kira indijena, wadda ta ba kumandan ikon ɗaure baƙar fata har kwana 15 ko ya ci shi tara, babu alƙali, babu shaida, babu ɗaukaka ƙara. Cikin laifuffukan da ta lissafa akwai barin gunduma ba da izini ba. Izinin shi ne lesefase.

Ku dubi kalmar da kyau. Laissez passer umurni ne, ma'anarsa "ku bar shi ya wuce". Takardar ba da mai ɗauke da ita take magana ba. Kumandan ne ke magana da gardi, ta bisa kan mutumin da ke tsaye tsakaninsu, wanda galibi ma bai iya karanta ta ba. Biza kuwa daga Latin ta fito, asalinta "an gani". An gan ka, an duba ka. Duka biyun babu inda matafiyi ke cewa uffan.

Me ya sa suka matsa haka? Don kai suke ƙirgawa. Lanho a kan kai ake biyansa, aikin tilas a kan kai ake raba shi, ɗaukar soja ma haka. Duk wanda ya tsallaka, kuɗi ne da ƙarfi suka fice daga littafin kumandan suka shiga na Ingilishi. Kuma mutane sun yi ta tsallakawa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kasuwar gyaɗa ta buɗe, yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta kori na korarwa, cin rani ya zama al'ada. Wani sa'in gari guda ke tashi da dare, da safe gardi ya tarar da toka da kaji. Na sha jin ana cewa mulkin Ingilishi sauƙi gare shi. Ni dai ban yarda da wannan yabo ba, can ma akwai haraji da jangali da aikin dole. Abin da na yarda da shi, talakan bakin iyaka ya gane yana da iyayen gida biyu da ba su ga maciji da juna, ya kuma iya auna wanne ya fi sauƙin ɗauka a wace shekara.

Labarin uban kakata ya faɗo ne a zamanin yaƙin Hitila. Daga 1940 zuwa ƙarshen 1942 masu mulkin Afirka ta Yamma ta Faransa suna bin gwamnatin Vishi, Ingila kuwa tana yaƙi da Jamus, sai iyakar ta zama ta abokan gaba, aka tsananta tsaro. Shi kuma ƙanwarsa tana aure wajen Kaita, aka aiko ba ta da lafiya. Ya tafi da dare ta gonaki, ya yi kwana tara, ya dawo da turmin atamfa guda. Atamfar ce ta tona shi.

"Gardi ya gani bisa igiya an shanya," in ji kakata. "Ya ce wannan ba ta ƙasar Faransi ba ce. Suka tahi da shi, suka tahi da zanen. Shi ya dawo, zanen bai dawo ba."

Ita lokacin tana goye, labarin a bakin uwarta ta ji shi, kuma kullum ta fi jin haushin zanen.

Bayan yaƙi abubuwa suka juya da sauri. Tsakanin Disamba 1945 da Fabrairu 1946 aka soke indijena. A 11 ga Afrilu 1946 dokar Houphouët-Boigny ta hana aikin tilas. A 7 ga Mayu dokar Lamine Guèye ta ce duk mutanen yankunan ƙetare ƴan ƙasa ne. Tsarin mulkin Oktoban shekarar ya cire wa Nijar sunan koloni ya sa mata yankin ƙetaren teku, a Nuwamba kuma Diori Hamani ya tafi majalisar Paris. Ƴan ƙasa a takarda, i. Amma ƙuri'a ba kowa ke da ita ba, a majalisar yanki kuma an raba masu zaɓe gida biyu, Turawa ƴan ƙalilan da nasu kujeru, sauran jama'a da nasu. Sai 1956 aka ba kowane baligi ƙuri'a. A 28 ga Satumba 1958 aka tambaye mu i ko a'a ga zama cikin tarayyar De Gaulle. Djibo Bakary da Sawaba suka ce a'a, sakamakon da aka bayyana ya ba i kusan kashi 78 cikin ɗari, mafi yawan masu rajista ma ba su fito ba. A 3 ga Agusta 1960 muka fita gaba ɗaya.

Wani zai ce da mun zauna, da yanzu muna shiga Paris da katin ɗan ƙasa. Na ji wannan magana a fada fiye da sau ɗaya, musamman in shayi ya kai na uku. Shi ya sa nake son mu dubi Mayot. Tsibiran Komoro huɗu ne, harsunansu dangin juna, aure da kasuwa sun haɗa su, kamar mu da Katsina. A ƙuri'ar Disamba 1974 uku suka zaɓi ƴancin kai, Mayot ta ƙi. Faransa ta ƙirga tsibiri-tsibiri ta riƙe Mayot. Shekara ashirin mutane na kai da kawo a jiragen ruwa, sai a 18 ga Janairu 1995 gwamnatin Balladur ta sa wa ƴan Komoro biza. Tsakanin Anjuwan da Mayot kilomita kamar 70 ne. Wanda bai samu biza ba sai ya shiga ƙaramin kwalekwale da suke kira kwasa-kwasa, da dare, kamar uban kakata, sai dai shi gonaki ya ratsa. Wani rahoton majalisar dattawan Faransa na 2012 ya ƙiyasta waɗanda suka mutu a wannan mashigi tun 1995 tsakanin 7,000 da 10,000. Baƙon da ya samu takardar zama a Mayot kuma, galibi a tsibirin kawai take aiki, in zai je Paris sai ya nemi wani izinin. Da mu ne muka zauna Najeriya ta fita, ku ƙaddara a wane gefen Ɗankama za a riƙa tsintar mutane.

Bayan ƴancin kai ɗan Nijar ya jima yana shiga Faransa ba biza. A 1974 suka tsayar da ɗaukar ma'aikata baƙi, a Satumban 1986 bayan tashin bama-bamai a Paris suka sa biza, ba ta sake tashi ba. Amma gaskiya, mutum nawa a Kananbakashe ko Korgom wannan ya hana barci? Ƙofar da ta dame mu ta kudu ce. Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ta ba mu shiga na kwana 90 ba biza, duk da haka a 1983 an koro baƙi daga Najeriya har da namu. Daga 1984 zuwa 1986 aka rufe iyakar a daidai lokacin fari, har yunwar ta samu suna El Buhari. An sake rufewa a Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka kuma rufewa bayan 26 ga Yulin 2023 sai Maris 2024. A 29 ga Janairu 2025 fitarmu daga CEDEAO ta tabbata. Ƙungiyar ta ce za ta ci gaba da karɓar takardunmu har sai ta sanar da wani abu daban. Wato zirga-zirgar da ke ciyar da rabin gidajenmu yanzu a kan wannan "har sai" take rataye.

Kafin in baro Mayahi aka aiko daga Kaita cewa jikar waccan ƙanwar ta haihu, suna ran Talata. Kakata ta ce za ta. Na tambaye ta ko katinta bai mutu ba, ta jawo shi daga cikin ƙwaryar da take ajiye turare, shekara shida da ƙarewa. Na ce Kaka, za a tsai da ku a shinge.

"Ɗan kabu-kabun ya san hanya," ta ce. "Ke dai miƙo mini zanen can."